Homiyofati da Cutar Ikzima: Me Awon Kimiyya Ya Nuna?

Gabatarwa

A hunturun da ya wuce na kai ziyara wani ƙauye da ke ƙasar Roni, na tarar da ɗan ƙanwata, yaro ɗan shekara huɗu, cikin wani hali. Fatar bayan gwiwoyinsa da ta lanƙwasar hannuwansa ta yi baƙi, ta yi kauri, ya sosa ta har ta tsattsage. Uwarsa ta ce sun fi wata biyu rabonsu da barcin kirki. An kai shi asibiti, an ba shi man shafawa, ciwon ya lafa, bayan 'yan makonni kuma ya dawo. Ana nan sai wani ɗan'uwa ya kawo musu wata 'yar kwalba daga birni, cike da fararen ƙwayoyi ƙanana kamar tsabar dawa, masu zaƙi. Ya ce maganin homiyofati ne, ba ya da illa, kuma wanda ya bayar ya ce a daina shafa man asibiti, domin wai yana kora ciwon ne zuwa cikin jiki.

Da na koma a farkon damina sai na tarar fatar yaron ta yi kyau. Uwarsa ta tarye ni da cewa, "Yaya, kai da kake ta musu, ga shi magani ya yi aiki." Ban yi mata gardama a ranar ba, domin abin da idonta ya gani gaskiya ne: yaro ya sami sauƙi. Abin tambaya shi ne, mene ne ya kawo sauƙin? Manufar wannan maƙala ita ce amsa wannan tambaya. Za mu duba yadda cutar take, da asalin homiyofati, da abin da aka samu lokacin da aka gwada shi da maganin asibiti.

Wace Cuta Muke Magana a Kanta?

Ya kamata mu fara da bambance suna, domin akwai ruɗani. A Turancin Nijeriya, idan aka ce ikzima galibi ana nufin ƙyasbi, wato dabbare-dabbaren da ke fitowa a wuya da ƙirji da baya. Wani nau'in fangas ne da ke zaune a fatar mutum yake haddasa ƙyasbi, kuma maganin kashe fangas yana kawar da shi. Haka nan makero fangas ne, ƙazuwa kuwa wani mitsitsin ƙwaro ne da ke haƙa rami a cikin fata. Ikzimar da likitoci suke nufi daban take da waɗannan duka. Ba a ɗaukarta daga wani, ba ta da alaƙa da ƙazanta, kuma takan bi gida tare da asma da yawan atishawa.

Tushen cutar yana cikin saman fata. A ɗauki saman fata kamar katangar bulo: ƙwayoyin fata su ne bulo, wani maiƙo da jiki yake yi shi ne siminti. Aikin katangar shi ne ta tsare ruwan jiki kada ya fita, ta kuma tare ƙura da sabulu da ƙwayoyin cuta kada su shiga. A jikin mai ikzima wannan katanga tana da rauni. A 2006 masana a Jami'ar Dandi ta ƙasar Sukotilan suka nuna cewa nakasa a ƙwayar gadon da ke samar da wani sinadarin fata mai suna filagirin tana cikin manyan dalilan raunin a wurin Turawa. Irin wannan nakasa ba ta da yawa a tsakanin mutanen Afirka, amma raunin katangar yana nan a jikin masu cutar ko'ina.

Idan katanga ta yi rauni, sai ruwa ya tsere, fata ta bushe. Abubuwan waje su kutsa, garkuwar jiki ta tashi faɗa fiye da kima, wurin ya kumbura ya yi ƙaiƙayi. Yaro ya sosa, susa ta ƙara rusa katangar, ƙaiƙayi ya ƙaru. Daga nan wata bakteriya mai suna sitafilokokus takan sami wurin zama, ta jawo ruwa da mugunya. A farar fata wurin yakan yi ja. A baƙar fata kuwa yakan yi duhu ne ko toka-toka, wani lokaci da ƙananan ƙuraje, shi ya sa akan raina tsananinsa.

Sai mai karatu ya riƙe wata siffa guda ta wannan cuta, domin a kanta sauran bayani zai tsaya: tana tashi, tana kwantawa. A yankinmu na Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana zuwa a bushe, ɗauke da ƙura, har mai lafiya ma ya yi kaushi, leɓɓansa su tsage. Ga wankan ruwa mai zafi, ga rigunan sanyi masu kaushi, ga hayaƙin jin ɗumi. Duk waɗannan suna tayar da ikzima. Idan damina ta kawo laima, masu cutar da yawa sukan ji dama, ko da yake akwai waɗanda gumin bazara ne yake tayar musu da ita. Bugu da ƙari, yara da yawa cutar takan yi musu sauƙi yayin da suke girma.

Asalin Homiyofati

Wani likita Bajamushe mai suna Samuel Hahnemann, wanda ya rayu daga 1755 zuwa 1843, shi ya ƙirƙiro homiyofati. A 1790 ya sha ɓawon itacen sinkona, wanda daga gare shi ake samun kwinin, ya ce ya ji alamu irin na zazzaɓin cizon sauro. Daga nan ya gina ra'ayin cewa abin da ke jawo wa mai lafiya wasu alamu, shi ne zai warkar da majinyaci mai irin waɗannan alamu. Ya bayyana ra'ayin a 1796, ya kuma fitar da babban littafinsa a 1810. A yi masa adalci: likitancin Turai na zamaninsa ya dogara ne a kan zubar da jinin majinyaci da ɗura masa zaiba da magungunan gudawa. Wanda aka ba ruwa zalla a wancan lokaci yakan fi wanda aka yi wa irin wannan jinya tsira.

A 1828 Hahnemann ya ƙara da cewa mafi yawan cututtuka masu daɗewa sun samo asali ne daga ƙaiƙayin fata da aka danne da man shafawa har ya koma ciki. Daga nan maganar da aka gaya wa ƙanwata ta fito. Ta kuma dace da abin da muka saba ji a gida, cewa gara ciwo ya fito waje. Amma binciken fata bai gano wani dafi da ke komawa ciki ba idan kumburi ya kwanta.

Kada a haɗa homiyofati da maganin gargajiya. Saiwa da ganye suna ɗauke da sinadarai na zahiri, waɗanda za su iya amfani, za su iya cutarwa. Homiyofati kuwa ya ginu ne a kan sirki, kuma masu shi suna cewa gwargwadon yawan sirkin, gwargwadon ƙarfin maganin. Ga yadda ake yi. A ɗauki kashi 1 na abu a zuba cikin kashi 99 na ruwa ko barasa, a girgiza da ƙarfi. Wannan shi ne 1C. A ɗebi kashi 1 daga ciki a zuba a sabon kashi 99. Wannan 2C ke nan. Haka za a yi ta yi. Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi sayarwa shi ne 30C, wato an maimaita sau 30.

Bari mu yi lissafi da gishirin miya, domin yana cikin abubuwan da masu homiyofati suke bayarwa don ciwon fata, tare da farar wuta da sinadarin bakin fensir. Ɗalibin kimiyya ya san cewa giram 58.5 na gishiri yana da ƙwayoyin sinadari kimanin 6 da sifiri 23 a gabansa. Wannan shi ne adadin Avogadro. Saboda haka giram 1 yana da kimanin 1 da sifiri 22. Wannan ne adadin da ke cikin kwalba ta farko. Kowane sirki yana cire sifiri 2. Kwalba ta 2 tana da sifiri 20, ta 3 tana da 18. Kafin a kai kwalba ta 12 sifiri sun ƙare, saura ƙwaya ɗaya tak. Daga ta 13 zuwa ta 30, ruwa ake sirkawa da ruwa. Don a gane girman abin, ɗigo ɗaya da aka gauraya da ruwan dukan tekunan duniya bai wuce sirkin 13C ba. Daga ruwan ƙarshe ake ɗiga wa ƙwayoyin sukari, a bar su su bushe. Masu homiyofati sun amsa da cewa ruwa yana "tuna" abin da ya taɓa shiga cikinsa, amma gwaje-gwajen da aka yi cikin tsanaki ba su tabbatar da haka ba.

Yadda Ake Auna Magani

Duk da wannan lissafi, mai kimiyya ba ya rufe ƙofa. Akwai magungunan da aka ga amfaninsu tun kafin a san yadda suke aiki. Don haka sai a gwada. Amma shaidar "na sha na warke" ba ta isa ba, saboda dalilai huɗu. Na farko, cutar tana kwantawa da kanta. Na biyu, mutum yakan nemi sabon magani ne a lokacin da ciwo ya kai maƙura, kuma daga maƙura sauƙi ne ya fi yiwuwa ya biyo baya. Na uku, sa rai da kyakkyawar kulawa suna rage jin ƙaiƙayi, kuma mai homiyofati yakan zauna da majinyaci har awa guda yana saurarensa. Na huɗu, sau da yawa ana haɗa sabon maganin da wasu abubuwa, kamar shafa mai da canza sabulu.

Hanyar kauce wa waɗannan ita ce a tara majinyata masu yawa, a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Gida ɗaya a ba su maganin, ɗaya gidan a ba su ƙwayar wofi mai kama da shi sak. Kada majinyaci ya san wanda ya samu, kada likitan da ke duba shi ya sani. Hunturu da damina da sa rai za su shafi gidajen biyu daidai wa daida. Duk bambancin da ya rage, na maganin ne.

Abin da Bincike Ya Samu

A Jamus, inda homiyofati yake da farin jini, an yi nazari biyu a kan yara. Na farko ya fito a 2008, an bi yara 118 har shekara guda. Na biyu ya fito a 2009 daga birnin Balin, da yara 135, inda 48 suke zuwa wurin likitocin homiyofati, 87 kuma wurin likitocin da aka saba. A duka biyun yara sun sami sauƙi a kowane ɓangare. A nazari na biyu ba a ga bambancin a-zo-a-gani ba a tsananin cutar. Da aka ci gaba da bin yaran har shekara uku, rahoton 2013 ya nuna sakamakon bai canza ba, sai dai kuɗin da aka kashe a ɓangaren homiyofati ya ninka na ɗaya ɓangaren fiye da sau biyu.

Wani zai ce, to ai homiyofati ya yi kunnen doki da maganin asibiti ke nan. A nan ake bukatar lura. Ba ƙuri'a ce ta raba yaran ba, iyaye ne suka zaɓi inda suke so. Kowa ya san abin da ake ba shi. Kuma ba a hana yaran ɓangaren homiyofati shafa mai ko amfani da maganin asibiti ba. Irin wannan nazari ba zai iya ware aikin ƙwayar sukari daga aikin man shafawa da na shuɗewar lokaci ba.

Gwajin da aka yi da ƙuri'a da ƙwayar wofi a Jamus ya fito a 2009. Mutum 24 aka ɗauka, 14 suka kai ƙarshe, kuma homiyofati bai fi ƙwayar wofi ba. A 2012 Farfesa Edzard Ernst ya tattara waɗannan gwaje-gwaje a mujallar likitocin fata ta Birtaniya, ya ce dukansu suna da rauni, kuma babu wanda ya nuna homiyofati yana maganin ikzima. Daga baya an yi wasu ƙananan gwaje-gwaje biyu a Indiya, kowanne da mutum 60: na 2022 bai sami bambanci mai ƙarfi ba, na 2023 ya ba da rahoton cewa homiyofati ya fi. Gwaji ƙarami guda da ya saɓa wa ɗan'uwansa bai isa a gina jinyar yaro a kansa ba.

Hukumomin da suka duba homiyofati gaba ɗaya sun tsaya a matsayi guda. A 2015 hukumar binciken lafiya ta Ostireliya ta ce babu wata cuta da aka sami amintacciyar hujja cewa homiyofati yana maganinta. A 2017 hukumar lafiya ta Ingila ta shawarci likitocinta su daina rubuta shi. Faransa ta daina biyan kuɗinsa daga asusun inshorar lafiya tun farkon 2021. A Nijeriya, dokar soja mai lamba 78 ta 1992 ta sa kula da masu aikin homiyofati a hannun hukumar rajistar likitoci. Sai dai a sani, sa ido a kan masu sana'a daban, tabbatar da ingancin magani daban.

Me Maganin Asibiti Yake Yi?

Maganin asibiti ba ya tumɓuke ikzima daga tushe, kuma likitan kirki ba zai yi wannan alkawari ba. Abin da yake yi shi ne gyaran katanga da kashe gobara.

Gyaran katanga shi ne shafa mai marar turare aƙalla sau biyu a rana, musamman da an fito wanka, tun jiki da sauran danshi, ko da ciwon ya kwanta. Wani gwaji da aka yi a Ingila da yara 550, wanda ya fito a 2022, ya gwada nau'o'in man shafawa huɗu, bai sami wanda ya fi wani ba. Darasin shi ne, mafi kyawun mai shi ne wanda za a iya saye, a kuma dinga shafawa kullum. Basilin marar ƙamshi ya wadatar, man kaɗanya mai tsabta ma yana tsare danshi. Man zaitun kuwa, wani ƙaramin gwaji a Ingila a 2013 ya nuna yana raunana saman fata. A rage sabulu, a bar dirzar wurin da soso, a yi wanka da ruwa mai ɗumi kaɗan, a yanke farce, a sa tufafin auduga a jikin fata.

Kashe gobara kuwa aikin man sitiroyid ne, wanda aka fara amfani da shi a fata a 1952 da haidirokotison. An gwada wannan rukunin magani da man wofi sau da dama, ya kuma fi shi. Ana shafa shi a inda ciwon ya tashi kawai, sau ɗaya ko biyu a rana, galibi mako ɗaya zuwa biyu. Ma'auninsa shi ne abin da aka matso daga kan manuniyar babban mutum zuwa gaɓar farko, kimanin rabin giram, wanda ya ishi faɗin tafin hannu biyu. Akwai kuma takurolimus, wanda ba sitiroyid ba ne, da allurar dufilumab da Amurka ta amince da ita a 2017 don masu tsananin cuta, sai dai tana da tsada ƙwarai.

Tsoron da iyaye suke yi wa sitiroyid yana da dalili. Ƙarfinsa hawa-hawa ne. Haidirokotison mai sauƙi ne, shi ake ba jarirai, shi ake shafawa a fuska. Kulobetasol yana cikin mafi ƙarfi, kuma ana samunsa a wasu mayukan haɗi da ake saye a kemis ba da takardar likita ba, da wasu mayukan bilicin. Shafa irinsa wata da watanni yana sirantar da fata, ya jawo nankarwa, ya sa makero ya bazu, a jikin jariri kuma yakan ratsa cikin jini. Maganin wannan matsala shi ne a bar ma'aikacin lafiya ya zaɓi ƙarfin da ya dace, ya kuma faɗi ranar dainawa.

Inda Haɗarin Yake

Ƙwayar 30C ita kanta sukari ce. Haɗarin yana cikin abin da aka bari saboda ita, musamman da yake masu homiyofati sukan ce idan ciwo ya ƙaru alama ce ta magani ya fara aiki. A 2002, a birnin Sidni na Ostireliya, wata jaririya 'yar wata tara mai tsananin ikzima ta rasu bayan ƙwayoyin cuta sun shiga jininta. Iyayenta sun dage a kan homiyofati, sun ƙi bin shawarar likitoci, kuma a 2009 kotu ta same su da laifin kisa ba da niyya ba.

Saboda haka, idan wurin ya fara ruwa ko mugunya, ko ya yi ɓawo ruwan ɗorawa, ko ƙananan ƙuraje masu ruwa suka fito a cure suna zafi, ko zazzaɓi ya zo, ko yaro ya ƙi nono yana ramewa, a garzaya asibiti a ranar. Akwai babban asibiti a Kazaure, akwai a Babura, idan kuma abin ya gagara akwai likitocin fata a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Haka nan kada a hana yaro ƙwai ko madara ko gyaɗa a kan zato, domin tamowa ta fi ƙaiƙayi illa.

Kammalawa

Mun ga cewa ikzima cuta ce mai tashi da kwantawa, cewa lissafi ya nuna babu abin da ya rage a kwalbar 30C, kuma gwaje-gwaje ba su kafa hujjar cewa homiyofati ya fi ƙwayar wofi ba. Mun kuma ga cewa maganin asibiti yana kwantar da cutar, amma yana bukatar naci da bin ƙa'ida.

Da na zauna da ƙanwata daga baya, sai ta ambata cewa tun da aka hana ta man asibiti ta koma shafa wa yaron man kaɗanya safe da yamma, kuma sauƙin ya fara ne bayan iska ta juya. Na roƙe ta abu biyu: ta ci gaba da shafa man ko fata ta yi kyau, ta kuma sami littafi tana rubuta ranar da ciwon ya tashi, da ranar da ya kwanta, da abin da aka yi amfani da shi. Ina ba ɗalibanmu da suka fito daga wannan yanki shawarar su yi wa 'yan'uwansu irin wannan rubutu na shekara guda cur, daga hunturu zuwa hunturu. Mun yi da ita cewa idan ciwon ya motsa a Nuwamba mai zuwa, za ta kai shi asibiti tun a makon farko.